Madubin Tsohon Babur: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A cikin kayan babur, da wuya a sami abin da ake rainawa kamar madubi. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma shi ne ke fara fashewa idan babur ya faɗi. Amma a wurin masu tara tsofaffin babura a Ingila da Jamus da Amurka da Japan, wannan ɗan gilashi babban shaida ne. Mutum zai kwashe shekaru yana farfaɗo da babur ɗin 1950, ya kashe dukiya a kan inji da fenti, sai masani ya zo ya kalli madubin kawai ya ce masa wannan ba na zamanin babur ɗin ba ne. Ga wasu abubuwa da suka sa madubi ya kai wannan matsayi.

1. Macen da ta ba da shawarar a rubuce

Dorothy Levitt baturiyar Ingila ce da ta yi suna a tseren mota a farkon ƙarni na 20. A 1909 ta fitar da littafi don mata masu tuƙi, inda ta shawarce su da su riƙa ajiye ƙaramin madubin hannu kusa da su, su riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci don ganin abin da ke tafe a baya. A lokacin kamfanonin mota ba su fara ɗaura madubi a motocinsu ba, balle masu ƙera babur.

2. Madubin da ya maye gurbin mutum

A ranar 30 ga Mayu, 1911, aka yi tseren mil 500 na farko a Indiyanapolis ta Amurka. Al'adar lokacin ita ce kowane direba ya ɗauki bakanike a gefensa, yana lura da inji, yana kuma waiwayawa ya faɗa masa wanda ke binsa. Ray Harroun ya shigo da motarsa ƙirar Marmon, ruwan ɗorawa mai lamba 32, kujerarta ɗaya tal. Sauran direbobi suka yi ƙorafi cewa tunda ba shi da mai duba masa baya, zai jawo musu haɗari. Sai ya kafa madubi a gabansa a kan sandunan ƙarfe, aka bar shi ya shiga, kuma shi ya ci tseren. Daga baya Harroun da kansa ya bayyana cewa bai ga abin kirki a madubin ba, domin filin da bulo aka shimfiɗe shi, gilashin sai karkarwa yake yi. Wannan matsala ta karkarwa ita ce ta bi madubin babur har shekaru hamsin bayan haka.

3. An tallata shi don hango 'yan sanda

Elmer Berger ɗan Amurka ne da ake yawan dangantawa da mayar da madubin mota hajar kasuwa a 1921. Sunan da ya sa wa hajarsa ma'anarsa mai hango ɗan sanda. Wato abin da ya fara jan hankalin masu saye shi ne su ga jami'in da ke biye da su kafin ya cim musu. Maganar kare rai daga baya ta zo ta zama babban dalili.

4. Sau da yawa madubin asali shi ne babu madubi

Wannan ne abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki. Yawancin baburan Ingila na shekarun 1920 zuwa 1950, irin su BSA da Norton da Triumph da Ariel da Matchless, sun fito daga masana'anta ba tare da madubi ba. Vincent Black Shadow na 1948, wanda ke iya gudun mil 125 a awa, an ƙawata shi da ƙaton agogon gudu mai faɗin inci 5 da aka rubuta wa lambobi har 150, amma madubi ba ya cikin abin da ya sa aka san shi. Wanda ke son madubi sai ya je shagon kayan babur ya saya ya ɗaura da kansa. Saboda haka idan ana maganar madubin da ya dace da irin waɗannan babura, ana nufin irin wanda mai babur zai iya shiga shago ya saya a shekarun da babur ɗin ke sabo.

5. Kaya iri uku, daraja iri uku

Masu wannan harka sun kasa kayan gyara gida uku. Akwai wanda kamfanin babur ɗin ya ɗaura da kansa. Akwai na shago, wanda wani kamfani daban ya ƙera a zamanin. Sai kuma kwaikwayo, wanda aka ƙera yau da siffar na da. A saman su duka akwai wanda kowa ke mafarkin samu: kayan da aka ƙera tun wancan zamani, aka ajiye a sito cikin kwalinsa da takardarsa mai maiƙo, ba a taɓa ɗaura shi ba. Irin wannan ake bi ana tonowa a manyan kasuwannin gwanjon kayan tsofaffin motoci da babura, kamar ta Beaulieu a kudancin Ingila wadda aka fara a 1967, da Veterama a birnin Manhaim na Jamus wadda aka fara a 1975. Mutane na tsallaka ƙasashe don su tsuguna gaban akwatunan tarkace suna juya madubai ɗaya bayan ɗaya.

6. Ba kowane tsohon babur ake kira tsoho iri ɗaya ba

Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Ingila, VMCC, wadda Titch Allen ya jagoranci kafawa a 1946, ta raba babura aji-aji. Na kafin 1915 ajinsu daban, na 1915 zuwa 1930 ajinsu daban, na 1931 zuwa 1945 su ma haka. Takwararta ta Amurka, AMCA, da aka kafa a 1954, tana karɓar babur idan ya cika shekara 35. Ƙungiyar duniya ta FIVA kuwa shekara 30 ta yanka. A gasar AMCA, babur na shiga da maki 100, alƙalai su riƙa zaftarewa a kan duk abin da ya saɓa wa yadda ya fito daga masana'anta. A irin wannan wuri ne za a ga dattijo ya durƙusa, ya sa tabarau, ya leƙa bayan madubi yana neman tambarin maƙera, ya shafa noti da ɗan yatsa ya ji ko kansa irin na da ne.

7. Jamus ta sa abin a doka

Tun 1997 Jamus ke ba abin hawa da ya cika shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, wadda ke zuwa da sauƙin haraji. Sharaɗin shi ne abin hawan ya kasance kusa da asalinsa. Ana yarda da canji idan irin wanda aka saba yi ne cikin shekara 10 na farkon rayuwar abin hawan. Don haka tambayar ko madubi ya dace da zamanin babur, a Jamus ta wuce sha'awa, jami'in bincike ne ke amsa ta da takarda a hannu.

8. Launin ƙyalli na faɗin shekaru

Kafin ƙarshen shekarun 1920, ƙarafan babur masu ƙyalli da nikel ake rufe su. Nikel yana da ɗan ɗumi a ido, yana karkata zuwa ruwan ƙwai kaɗan, kuma yana dushewa idan ba a goge shi. Kurom, wanda ya fi sanyi a ido ya kuma karkata zuwa shuɗi, ya shiga kasuwa ne bayan aikin da Colin Fink da Charles Eldridge suka yi a Jami'ar Kolombiya a tsakiyar shekarun 1920, kuma kamfanonin babur na Ingila sun rungume shi wajejen 1930. Ke nan madubi mai kurom a kan babur ɗin 1925 kamar sabon faci ne a jikin tsohuwar rigar saƙi: daga nesa ma ana gane shi.

Wani abin mamakin shi ne, kurom ɗin da ake gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba a kauri. Aikin gaske a ƙarƙashinsa yake: shafen jan ƙarfe da fari, sannan nikel, sannan kurom a sama. A lokacin yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, nikel ya yi ƙaranci har gwamnatin Birtaniya ta taƙaita amfani da shi, kamfanoni suka koma fentin wuraren da a da suke rufewa da kurom. Babur ɗin waɗannan shekaru da aka cika wa ƙyalli ko'ina, yana iya zama ya fi yadda ya fito kyau, amma ya bar gaskiyar zamaninsa.

9. Gyara na iya share shaida

Kafin a sake rufe ƙarfe da kurom sai an goge shi a injin gogewa har tsatsa da ramukanta su ɓace. A nan ne ake yin asara. Sunayen maƙera irin su Stadium da Lucas da Desmo na Bamingam da Wingard na Cicesta ana buga su ne a bayan ƙoƙon madubi ko a jikin matsewarsa, ba su da zurfi. Mai gogewa da ya danna hannu, cikin ɗan lokaci zai shafe sunan, madubi ya fito fes amma ba shi da sauran shaidar inda ya fito. Shi ya sa masu tarawa da yawa a yau suka gwammace su bar tsohon madubi da tabonsa, su wanke shi, su shafa masa kakin da zai hana tsatsa ci gaba.

10. Baƙin da ke cin gefen gilashi

Madubai na da can, irin waɗanda Benis ta Italiya ta yi suna da su, da haɗin kuza da zaiba ake shafe bayansu, kuma zaibar ta cuci lafiyar ma'aikata da yawa. A 1835 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya gano hanyar kwantar da siririn shafen azurfa a jikin gilashi. Tsofaffin maduban babur wannan hanya suka gada. Idan danshi ya ratsa ta gefe ya isa ga azurfar, sai ta fara baƙi daga baki-baki tana cin ciki. Wannan baƙin alama ce mai kyau ta tsufa, sai dai madubin da ya ci rabi ya daina aikinsa. Masu kula sukan cire tsohon gilashin su adana, su yanka sabo su sa a tsohon ƙoƙo.

11. Hannun dama ko na hagu? Tambayi ƙasar

Tsohon babur galibi madubi ɗaya ake sa masa, kuma gefen da ake sa shi ya dogara da hannun da ƙasar ke tuƙi. A Ingila da Japan da Indiya, inda ake bin hannun hagu, mai wuce ka ta dama yake zuwa, don haka madubi na dama. A Amurka da Faransa da Jamus yana hagu. Har yanzu a Jamus babur ɗin da aka yi wa rajista kafin 1990 madubi ɗaya na hagu ya wadatar masa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta bi hannun hagu irin na Ingila har zuwa 2 ga Afrilu, 1972, ranar da ta koma hannun dama. Gana ta biyo baya a 4 ga Agusta, 1974. Nijar kuwa dama tun zamanin Faransawa hannun dama take bi. Ke nan malamin makarantar da ke hawa babur a Kano a 1965, wurin da ya dace da madubinsa shi ne dama, ɗan'uwansa na Maraɗi kuma hagu, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta 'yan awoyi ba. Duk mai tsohon hoton babur a gida, ya duba gefen da madubin yake, zai iya samun haske a kan lokacin da aka ɗauki hoton.

12. Notin Yamaha da ke kwancewa ta baya

Duk yaron gareji ya san cewa noti ta dama ake ɗaure shi, ta hagu a kwance shi. Madubin dama na baburan Yamaha da yawa ya karya wannan ƙa'ida: tiredinsa na hagu ne. Yaro zai sa sufana, ya ja, ya ga abu ya ƙi, ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi, alhali ƙara ɗaure shi yake yi. Sai maigidansa ya hango shi daga ƙarƙashin rumfa ya ce, "Kai yaro, tsaya! Juya ta ɗaya hannun kafin ka cinye tiredin." Hikimar ita ce, idan wani abu ya bugi madubin daga gaba, bugun zai kwance shi ya juya baya, maimakon ya karya sandarsa ko ya fizgi sitiyari daga hannun mahayi. A gefen hagu tiredi na yau da kullum ke yin wannan aiki, a gefen dama kuwa sai an juya shi.

13. Tiredi ma yana da ƙasa da zamani

Baburan Japan suna amfani da sandar madubi mai kaurin milimita 8 ko 10, wadda ake murɗawa cikin mazaunin hannun birki ko na kuloci. Harley-Davidson ta Amurka da inci take awo, sandar madubinta na ratsa rami ne a ɗaure ta da noti daga ƙasa. Tsofaffin baburan Ingila kuwa suna da nasu tsarin: akwai na Joseph Whitworth da ya fito da shi tun 1841, akwai kuma na masu keke da babur mai zare 26 a kowane inci. Sufanun awon milimita ba sa zama daidai a kan waɗannan notuna, sai su cinye musu kusurwa.

Japan ma ta canza tsarin wasu notunanta a 1967 ta koma na duniya, don haka Honda ta 1965 da ta 1970 ba lallai su yi musayar kowace ƙusa ba. Ƙusoshin Japan masu kan gicciye sukan zo da ɗan ɗigo a gefe, kuma da sukundireban Japan ake kwance su. Na Phillips yana kama da shi a ido, amma zamewa yake yi ya lalata kan ƙusar.

14. Lokacin da sitiyari ba shi da wurin madubi

Babur ɗin shekarun 1920 aiki ne ja-wur a hannun mahayi. A kan sitiyari akwai ɗan hannun iska, da na mai, da na saita lokacin wuta, da na ɗaga bawul don tayar da inji, ga ƙaho na roba, giya kuma da hannu ake sa ta a gefen tanki. Ƙari a kan haka, hannayen birki da kuloci na baburan lokacin da yawa daga ƙarshen bututun sitiyari suke fitowa, su miƙo ciki. Ramin da ake cusa madubin ƙarshen sitiyari a yau, a wancan lokaci a cike yake. Mai irin wannan babur sai ya nemi madubi mai matsewa ya laluba masa ɗan fili tsakanin sauran kayan.

15. Madubi a jikin fitila

Baburan BMW na shekarun 1950 da 1960, irin su R50 da R60 da R69S, sun shahara da fitilun sigina na kamfanin Hella da ake cusawa a ƙarshen sitiyari. Mahaya da yawa sai suka koma ga maduban kamfanin Albert, waɗanda ake ɗaurawa a kan notunan da ke riƙe da babbar fitila ta gaba, su miƙe gefe a kan doguwar sanda. Mahayi na kallon bayansa ne ta ƙasan hannunsa. Har yau masu waɗannan babura na neman irin wannan madubi ruwa a jallo.

BMW ta ci gaba da fito da sababbin dabaru. R100RS na 1976, wanda Hans Muth ya tsara, ya zo da cikakkiyar rigar kare iska, madubai suka bar sitiyari suka koma jikinta. K100RS na shekarun 1980 kuma an haɗe masa madubi da sigina wuri ɗaya, aka yi su yadda za su ɓalle su faɗi idan an buge su. Mahaya suka riƙa ɗaure su da 'yar igiya ta ciki don kada su tsinci madubinsu a kan kwalta.

16. Me ya sa hoton ke rawa?

A 1937 Edward Turner ya fito da Triumph Speed Twin, mai silinda biyu a jere, kuma kusan dukkan kamfanonin Ingila suka bi sahunsa. A irin wannan inji fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka girgizarsu haɗuwa take yi maimakon ta kashe juna. Girgizar na bin firam ta hau sitiyari ta ƙare a madubi. Idan sanda doguwa ce kuma siririya, a wani mataki na gudun inji sai ta kama kaɗawa da kanta, fitilar mota ɗaya ta koma uku a gilashi. Mahayan lokacin sun san dabaru: gajeriyar sanda mai kauri, ƙaramin ƙoƙo marar nauyi, da ɗan zoben roba a gindi. Norton ta tunkari matsalar daga tushe a Commando da ta nuna a Landan a 1967, inda aka rataye inji da giya a kan robobi don a raba su da firam. Da babur ya ɗauki gudu sai girgiza ta lafa, hoton madubi ya tsaya.

17. Samarin da suka mayar da madubi ado

A farkon shekarun 1960 samarin Ingila sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda ake kira Mods, masu tsaf-tsaf da kwat ɗinkin Italiya, suna hawa Vespa ta kamfanin Piaggio da ta fito a 1946, da Lambretta ta Innocenti da ta biyo a 1947. Waɗannan su ne suka riƙa jera madubai da fitilu a gaban baburansu, goma, ashirin, har fiye, a kan dogayen sanduna suna baje kamar reshe. Fim ɗin Quadrophenia na 1979 ya sa hoton irin wannan babur ya zagaya duniya. A nan ƙa'idar dacewa da zamani ta juye: Lambretta mai madubai rututu, idan madubanta ƙirar Stadium ne na lokacin, ta dace da zamaninta ɗari bisa ɗari.

Abokan hamayyarsu, Rockers, masu rigunan fata, matattararsu Ace Cafe ce a arewacin Landan, wadda aka buɗe a 1938, aka rufe a 1969, aka sake buɗewa a 2001. Burinsu babur ya kai mil 100 a awa, don haka cire kaya suke yi. Madubi idan akwai, ɗan ƙarami ne guda a ƙarshen sitiyari. Ɓangarorin biyu sun gwabza a garuruwan bakin teku irin su Biraiton da Maget a 1964. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, amma madubin da ya dace da ɗaya abin kunya ne a wurin ɗayan.

18. Iska ba ta raina komai

Baburan tsere ba sa ɗaukar madubi, har da na MotoGP a yau, alhali motocin Formula 1 dole ne su sa. Dalili ɗaya shi ne iska. A Satumban 1948, Rollie Free ya so kafa tarihi da babur ɗin Vincent a filin gishiri na Bonabil a jihar Yuta. Da ya ga kayan fatarsa na kama iska, sai ya tuɓe su, ya rage ɗan wandon iyo da hula da takalmi, ya kwanta rub-da-ciki a kan babur ya miƙe ƙafafu baya. Ya yi gudun da ya ɗara mil 150 a awa, ya kafa tarihin Amurka. Mutumin da ya ajiye rigarsa saboda iska, babu maganar madubi a babur ɗinsa.

19. Harafi ɗaya da ke tona asiri

A jikin madubai na zamani akan ga ɗan da'ira da harafin E da lamba a ciki: 1 ta Jamus, 2 ta Faransa, 3 ta Italiya, 4 ta Holan, 11 ta Birtaniya. Lambar na nuna ƙasar da ta amince da ingancin kayan. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba a 1958. Duk madubin da aka ce na 1935 ne amma yana ɗauke da wannan tambari, ya riga ya faɗi gaskiya da kansa. Haka nan gargaɗin da dokar Amurka ta sa a rubuta a madubin gefen fasinja na mota, cewa abin da ake gani ya fi kusa da yadda yake bayyana. Gargaɗin na nan ne saboda gilashi mai ɗan tudu yana faɗaɗa abin da ido ke kamawa, amma yana ƙanƙanta shi, sai mota ta zama kamar tana nesa. Tsofaffin madubai da yawa shimfiɗaɗɗen gilashi gare su: suna faɗin nisa daidai, sai dai ɗan yanki kaɗan na hanya suke nunawa.

20. Waiwaye adon tafiya

Duk kyan madubi, akwai lungun da ba ya nunawa, daidai bayan kafaɗar mahayi. Shi ya sa a makarantun koyon babur na Birtaniya ake koyar da waiwaye na ƙarshe kafin a karya kwana ko a canza layi, kuma mai jarraba ɗalibi yana lura ko ya yi shi. Mahayan 1930 da ba su da madubi da wannan waiwaye suka rayu, a kan hanyoyin da motoci ba su kai na yau yawa da gudu ba.

Masu tsofaffin babura na gaskiya sun fahimci cewa hanya ta canza. Da yawansu suna da madubi mai matsewa, mai siffar na da amma da gilashi mai kyau, wanda ba ya buƙatar a huda komai a jikin babur. Da shi suke hawa titi, idan sun isa filin baje koli su kwance shi su sa a jaka. Tarihi bai ɓaci ba, rai ma bai shiga haɗari ba. Wannan darasi ya fi dacewa da mu, domin a titunan Kano da Kaduna da Damagaram ba wuya ka ga sabon babur an cire masa madubai tun ranar da aka sayo shi, wai don ya ratsa cunkoso ko don ya fi kyau. Mutumin da ya kashe shekaru yana neman madubin 1952 bai yarda ya hau titi ba tare da ganin bayansa ba. Wanda kamfani ya ba shi guda biyu sababbi, ya mayar da su inda suke, ya saita su kafin ya tayar da inji, sannan ya riƙa waiwayawa kafin kowace kwana.